Daga Alƙahira Zuwa Yerwa Ta Hanyar Landan: Littattafan Da Ke Tuhumar Maigida Da Liman

Daga Wakilinmu a Maiduguri

Wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Monday ta Maiduguri da hantsi ya kasa kunne, kafin ya gama cinikin goro zai ji Kanuri, ya ji Hausa, ya ji Fulatanci, ya ji Babur, sa'an nan ya ji Larabcin Shuwa a bakin matan da ke tallar nono da man shanu. Larabci ba baƙo ba ne a ƙasar Barno. Masanin tarihin nan na Masar, Almaƙrizi, ya ba da labarin cewa tun a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka tara dukiya aka gina musu makaranta da masauki a Alƙahira, wadda ake kira Madarasar Ibn Rashiƙ, daga baya kuma ɗaliban Barno suka sami nasu sashe a masallacin Azhar. Kafin zamanin jirgin sama, ta Maiduguri alhazan ƙasar Hausa suke bi da ƙafa ko da babbar mota, su ratsa Gamboru, su shiga Cadi, su faɗa Darfur, har su isa bakin Nilu. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu na can a Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan.

To, abin mamaki shi ne, duk da wannan tsohuwar zumunta, ɗalibin da ke Jami'ar Maiduguri in ya so ya karanta ƙagaggen labarin da Bamisre ko Basudane ya rubuta a wannan zamani, galibi da Turanci zai same shi, bugun Landan. Watau littafin ya bar Alƙahira ko Bairut, ya haye teku zuwa Ingila, an sake masa riga, kana ya gangaro ta Legas ko Ibadan ya iso Yerwa. Wannan doguwar hanya ita ce ta ja wa littattafan nan suna biyu a wurinmu. Waɗansu na ɗaukarsu tamkar wahayi don sun fito daga hannun Bature, waɗansu kuma na ƙinsu saboda wannan dalilin dai. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, kuma abin da ya sa muka ce haka shi ne za mu bayyana a nan.

Maigidan da ke da fuska biyu

Bari mu fara da Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1988, shi ne kuwa marubucin Larabci na farko da ya ci ta. A 1956 ya fitar da littafinsa Bainal Ƙasraini, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a 1990. Labarin wani ɗan kasuwa ne a tsohon birnin Alƙahira, Sayyid Ahmad Abdul Jawad, mutumin da in ya yi gyaran murya a ƙofar gida kowa sai ya shiga taitayinsa. Matarsa Amina ta shekara 25 a gidansa ba ta taɓa fita ba sai in shi ya kai ta gaida uwarta. Kullum da tsakar dare takan tashi ta jira komowarsa, ta riƙe masa fitila a matakala, ta cire masa takalmi. Ba ya wasa da salla, ba ya kuma yarda 'ya'yansa mata su leƙa taga. Amma inda yake fitowa a tsakar daren nan, wurin giya ne da zabiyoyi.

Ran nan ya yi tafiya, 'ya'yan suka lallashi Amina ta je ziyara masallacin Sayyidina Husaini, wanda take hango hasumiyarsa daga saman soro shekara da shekaru. A hanyar komowa mota ta buge ta, ta karye a kafaɗa. Maigida ya dawo, ya yi shiru har ta warke, kana ya ce ta tattara ta tafi gidansu. Laifinta ta fita ba da izni ba, ko da yake masallaci ta tafi.

Mahfuz bai tsaya yi wa kowa wa'azi ba. Ya dai ajiye mutumin a gabanka, da kirkinsa da kyautarsa da zaluncinsa, ya bar ka da shi. Har yau a Masar in ana son a kwatanta miji mai mulkin mallaka sai a ce da shi Si Sayyid. Mai karatu Bahaushe ko Bakanure ba ya bukatar a yi masa sharhi, domin kowace unguwa tana da nata Si Sayyid, mai tsanani a cikin gida, mai sakin fuska a majalisa.

Bazawarar da ba a tambaya ba

Na biyu shi ne Ɗayyib Salih na Sudan, wanda ya rasu a 2009. Littafinsa Mausimul Hijrati ilash Shimal, watau lokacin ƙaura zuwa arewa, ya fara fitowa a mujallar Hiwar ta Bairut a 1966, wani Bature mai suna Denys Johnson-Davies ya juya shi zuwa Turanci, kamfanin Heinemann ya buga a 1969 cikin jerin littattafan marubutan Afirka. Malaman jami'a sun fi ba da ƙarfi ga ɓangaren da ya shafi Mustafa Sa'id da zamansa a Landan da mulkin mallaka. Amma abin da ya fi tsaya wa mai karatu na ƙasarmu a rai yana ƙauyen ne, a bakin Nilu.

Bayan ɓacewar Mustafa Sa'id, matarsa Husna 'yar Mahmud ta zauna da 'ya'yanta biyu, ta ce ba ta bukatar wani aure. Sai wani tsoho mai auri-saki, Wad Rayyis, ya ce shi lalle sai ita. Ubanta ya ba shi. Ta faɗa da bakinta cewa in aka tilasta mata za ta kashe shi ta kashe kanta. Mai ba da labarin, wanda shi ne wasiyyin 'ya'yan, ɗan boko ne mai digiri daga Ingila, ya ji wannan magana da kunnensa, yana da ikon ya hana, amma ya koma bakin aikinsa a Hartum. Da ya dawo ya tarar ta cika alkawarinta, mutanen gari kuma sun binne gawa biyu da dare, sun haɗa baki kada a sake ta da zancen.

Na taɓa kwashe wannan labari na faɗa wa wani dattijo a unguwar Gwange, tsohon alƙalin kotun yanki ne da ya yi ritaya, ba ya jin Turanci amma Risala da Muhtasar suna kansa. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka ce bazawara ce?" Na ce, "Allah gafarta Malam, mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyu." Ya ce, "To, ai babu aure. Mutanen Sudan Malikawa ne kamarmu. Bazawara baliga ba mai ikon aurar da ita sai ta yarda da bakinta, ko da ubanta ne. Ashe garin nan babu malami?" Ya ambato mini hadisin Hansa'u 'yar Hizamu, wadda ubanta ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Ya yi shiru na ɗan lokaci, kana ya ce irin wannan shari'a ta zo gabansa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma abin da ya fi ba shi wahala ba hukuncin ba ne, a'a, samun wanda zai rako yarinyar kotu.

Wannan magana ta dattijo ita ce mabuɗin karanta littattafan nan. Abin da ya kashe Husna al'ada ce da son zuciya da shirun waɗanda suka sani. Shari'a kuwa tana gefenta, sai dai ba wanda ya buɗe littafin.

Liman a aljihun dagaci

Wadda ta fi kowa zafi a cikinsu ita ce Nawal Sa'adawi, likita, an haife ta a ƙauyen Kafr Tahla a 1931, ta rasu a 2021. An kore ta daga aiki a Ma'aikatar Lafiya ta Masar a 1972 saboda rubutunta, Shugaba Anwar Sadat kuma ya ɗaure ta a 1981. Ɗaliban sashen Turanci a jami'o'inmu sun fi saninta da labarin Firdausi, matar da ta gana da ita a kurkukun Ƙanatir tana jiran hukuncin kisa. Amma littafin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne wanda ya fito da Larabci da suna Mautur Rajulil Wahidi alal Ardi, watau mutuwar namiji ɗaya tilo a bayan ƙasa, wanda mijinta Sharif Hatata ya fassara aka buga a Landan a 1985.

A ƙauyen Kafrat Ɗin mutum huɗu ke riƙe da gari: dagaci, da shugaban masu gadi, da wanzami mai ba da magani, da limamin masallaci, Shaihu Hamzawi. Dagaci ya ƙyalla ido a kan 'ya'yan wani talaka, Nafisa da Zainab. Ta fari ta shiga gidansa aikatau, ta fito da ciki, ta ɓace. Da aka zo kan ta biyu, yarinya mai ibada, ta ƙi zuwa, sai aka bi ta hanyar da ba za ta iya musu ba. Gwaggonta Zakiyya ba ta da lafiya, aka tura su Alƙahira neman waraka a masallacin Sayyida Zainab, can kuma an riga an shirya da wani mai rawani, ya ce musu umurnin Allah ne yarinyar ta tafi aiki gidan nan mai ƙofar ƙarfe. Liman ya san abin da ke gudana, amma ya san kuma wanda ya naɗa shi shi ke iya tuɓe shi. A ƙarshe, bayan an ɗaure ɗan'uwanta an ɗaure ɗanta, Zakiyya ta ɗauki fartanya ta gama da dagaci.

A nan wajibi ne mu faɗi gaskiya. Sunan da littafin ke ɗauke da shi a Turanci yana da nauyi ƙwarai a bakin Musulmi, ko da yake wanda ya karanta zai gane dagacin ake nufi, mutumin da ya mai da kansa abin tsoro fiye da Mahaliccinsa. Haka kuma Nawal ta yi maganganu a kan addini, a hirarraki da jaridu da waɗansu littattafanta, waɗanda Musulmi ba zai karɓa ba, har a 2001 wani lauya ya kai ta kotu a Alƙahira yana neman a raba aurenta, kotu ta kori ƙarar. Ba muna cewa a haɗiye duk abin da ta faɗa ba ne. Amma tambayar da labarin Zainab ya yi tana nan daram: idan mai mulki ya sa malami a aljihu, ina talaka zai kai kuka? Wannan tambaya malaman Musulunci sun riga Nawal yin ta da ɗaruruwan shekaru, su ne ma suka raɗa wa irin su Hamzawi suna malaman fada.

Wanda kuma zafin Nawal ya kore shi, sai ya nemi Alifa Rif'at, wadda ta rasu a 1996. Ita ba ta yi jami'a ba, ba ta jin wani harshe sai Larabci, ta yi aikin hajji, mijinta jami'in 'yan sanda ya hana ta buga rubutunta fiye da shekara goma. Gajerun labaranta, waɗanda Johnson-Davies ya fassara aka buga a 1983, cike suke da kiran salla da alwala da zaman takaba. Ƙararta ɗaya ce: maza sun karɓi haƙƙin da addini ya ba su cif-cif, sun manta da wanda ya ɗora musu na kyautatawa da tausayi.

Abin da hanya ke yi wa kaya

Kayan da ya bi doguwar hanya ba ya isowa yadda ya taso. Mai buga littafi a Landan yana da nasa masu saye, kuma ya san abin da suke son ji game da matan Musulmi. Misali sananne shi ne littafin Nawal na nazari da ya fito da Larabci a 1977, aka buga shi da Turanci a 1980. Wata malama Bafalasɗiniya, Amal Amira, ta gwada bugun biyu a wani bincike da ta fitar a 2000, ta nuna an sake sunan, an cire waɗansu babobi, an ƙara waɗansu, an jawo zancen kaciyar mata an sa shi a gaba, an kuma rage abin da marubuciyar ta faɗa na ci gaban da matan Larabawa suka samu. Haka nan zaɓen abin da za a fassara ma wani hukunci ne. Cikin dubban labaran da ake bugawa a Alƙahira da Bairut da Bagadaza, waɗanda suka shafi zaluntar mata sun fi saurin samun mai fassara.

Saboda haka mai cewa a yi hattara yana da hujja. Inda ya kuskure shi ne da ya ce Turawa ne suka ƙago kukan. Mahfuz da Ɗayyib Salih da Alifa da Larabci suka rubuta, don 'yan'uwansu Larabawa. Kuma hukunci ba da karatu ba yana da mugun ƙarshe. A watan Oktoba na 1994 wani saurayi ya soki Mahfuz da wuƙa a wuya a ƙofar gidansa, yana tsoho ɗan shekara 82, saboda littafinsa Auladu Haratina wanda jaridar Al'ahram ta buga kashi-kashi a 1959. Da aka tambayi saurayin, ya amsa cewa bai taɓa karanta littafin ba, an dai gaya masa ne.

Kukan ba baƙo ba ne

Mu a ƙasar nan ba mu da dalilin ɗaukar wannan zance baƙo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a littafinsa Nurul Albabi ya yi kaca-kaca da malaman da ke tara almajirai a zaure don neman suna, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, ya kuma gargaɗi mata da kada su ruɗu da mai yi musu wa'azin biyayyar miji kaɗai ba ya koya musu biyayyar Allah da Manzonsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna kai karatu ƙauyuka.

A zamaninmu kuma, daga nan Barno aka sami Zainab Alkali, wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Maiduguri. Littafinta na farko, The Stillborn, ya fito a 1984, labarin yarinya Li da ubanta mai tsanani da mijin da ya tafi birni ya manta da ita. A Kano, Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wadda aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun ba ta kai shekara 14 ba, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. Na biyun an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu na cikin wannan littafi da Si Sayyid na Mahfuz, in ka ajiye su tare, sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya. Su ma marubutanmu sun sha zargi irin na takwarorinsu, har a 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Mutanen Maiduguri kuwa sun fi kowa sanin kuɗin da ake biya idan mutum ya ɗora rawani ya ce maganarsa ita ce maganar Allah, kuma ba a tambayarsa dalili. Sun ga abin da ya tashi daga unguwar tashar jirgin ƙasa a watan Yuli na 2009. Sun ga an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilu na 2014, waɗanda suka kwashe su kuma suna kiran abin da suka yi musu aure. Sun ga an ta da bam a masallacin jami'a da asuba a watan Janairu na 2017, har wani farfesa ya rasa ransa. Kada kuma a manta, malaman kirki su ne farkon waɗanda suka tsaya suka ce wannan ba addini ba ne, da yawansu kuwa sun biya da rayukansu. Garin da ya ga wannan ba ya bukatar a koya masa bambanci tsakanin addini da mai cin abinci da addini. Abin da yake bukata shi ne 'ya'yansa su saba da yin tambaya tun abu yana ƙarami, tun yana zaure, tun yana ɗakin amarya. Ƙagaggen labari mai kyau makaranta ce ta wannan tambaya, domin yana sa ka zauna cikin zuciyar wadda aka zalunta na tsawon dare guda, abin da hukuncin kotu ba ya iya yi.

A gajarce hanya

Shawararmu ita ce a gajarce hanyar. Fassara daga Larabci zuwa Hausa tsohuwar sana'armu ce. Tun a 1924 aka buga Dare Dubu da Ɗaya, Hukumar Fassara ta Zariya ta juya tarihohin Larabci ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, Alhaji Abubakar Imam kuma ya ɗebo daga rijiyar Larabawa ya gina Magana Jari Ce. Maiduguri tana da jami'a tun 1975, inda ake koyar da Larabci da Hausa da Kanuri, tana da Kwalejin Shari'a ta Muhammadu Goni, an kuma kafa Ƙauyen Larabci a Ngala a 1992 don horar da ɗaliban Larabci na ƙasar nan duka. Ga ɗaruruwan da suka yi karatu a Azhar da Hartum da Madina. In waɗannan suka ɗauki Bainal Ƙasraini ko labaran Alifa suka zuba su cikin Hausa kai tsaye, kalmomi irin su idda da waliyyi da sadaki da takaba za su faɗa mazauninsu ba tare da dogon bayani ba, abin da Turanci ba zai taɓa iyawa ba. Mai fassara ya sa gabatarwa, ya nuna inda marubuci ya yi daidai da inda ya zarce, yadda malamanmu suka saba yi wa kowane littafi sharhi a gefe.

Sa'an nan uwargida a Bulumkutu da tela a Fagge da malamin zaure a Gusau za su karanta da kansu, su yi hukunci da kansu. Wanda ya ga fuskarsa a ciki, to, madubi ba ya ƙarya, gyara ya rage nasa.

Da zan tashi daga wurin tsohon alƙalin nan na Gwange, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, littafin nan na Basudane, in ka sami na Larabcin ka kawo mini. Ina so in ga ko limamin garin ya ce wani abu." Na yi masa alkawari. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a gidajenmu kafin mu faɗe ta a kan mumbari, amin.